Madarar da Na Ba Shi da Hannuna

12 ga Maris

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya gwiwa? Ya kunne? Na ji labari har yanzu kin ƙi sa na'urar jin da aka samo miki, wai tana miki kamar ƙuda ya shige ciki. Shi ya sa na haƙura da kiranki a waya, tunda duk ranar da na kira sai na yi ta ɗaga murya har maƙwabta su leƙo, ke kuma kina can kina cewa in ƙara magana. Shekara talatin kina tsaye kan injin niƙa, dole ya karɓi rabonsa. Ni lafiyata lau, sai wata mura da ta kama ni makon jiya, ta kuma sake ni.

Na san rabona da rubuto miki an fi shekara, na kuma san abin da za ki ce. Za ki ce kakata da mahaifiyarki ne suka fito ciki ɗaya, zumuncin ya yi nisa, shi ya sa na yar da ke. Ba haka ba ne, Inna. Wadda ta riƙe ni shekara shida ina makaranta, ta tsefe mini kai ina kuka, ba a yar da ita.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau zai ba ki dariya. An mayar da ni wani sabon sashe a ɗakin gwaje-gwajenmu. Ranar farko na buɗe firij zan ajiye kaya, sai na ga kwalabe jere, farare tas. Na buɗe ɗaya na sansana. Madarar waken soya ce. Wallahi tsayawa na yi riƙe da murfin, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko jiri nake ji. Ba jiri ba ne, ɗakinki na bayan gida ne ya faɗo mini gaba ɗaya. Bahunan nan uku na jiƙaƙƙen wake, da ɓawon da ke tasowa sama muna kwashewa da hannu. Farin ƙyallen tata da ba ki yarda kowa ya wanke sai ke. Baba, Allah ya jiƙansa, durƙushe yana ɗaure bel ɗin inji yana masa faɗa kamar ɗan da ya ƙi jin magana. Ke kuma kina kan tukunya kina kwashe kumfa, kina ce mini in na ƙara tambaya ɗaya za ki saka ni a ciki.

To, ga shi tambaya ta zama sana'ata. Aikin da muke yi shi ne: mutum arba'in suka yarda a gwada su. Sai su yi kwana uku ba su ci komai mai soya ba, rana ta huɗu da safe mu ba kowa kofi ɗaya. Daga nan mu riƙa ɗibar jininsu kaɗan-kaɗan, bayan awa biyu, bayan huɗu, bayan takwas, har washegari. Mukan sa jinin a wata na'ura ta juya shi har ruwansa ya rabu, sannan mu nemi wani sinadari da ke cikin waken, sunansa isofilabon. Kada ki wahalar da harshenki, ni ma sai da na yi mako kafin ya zauna a bakina. Abin da ya sa ake damuwa da shi, siffarsa tana kama da sinadarin da ke jikin mata, wanda ke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki. Kamar ta kai har in ya shiga jini yakan je ya zauna a mazaunin wancan.

Ina zaune gaban na'urar jiya sai na tuna ɗanki, Ɗan Kofi. Kin tuna yadda yake tsayawa a bakin ƙofa da kofinsa na roba mai tsagaggen hannu, ko wando babu, yana jiran tukunyar farko? Yaron da aka yaye da madarar soya, ya tashi da ita, bai san ruwa ba sai ita. Da a lokacin ina da wannan na'urar na gwada jininsa, na tabbata ƙonewa za ta yi. Ki ce masa in ji ni, ya gode wa Allah da gemu ya fito masa.

Ki gaishe shi, ki gaishe da matarsa. Har yau ban ga fuskarta ba sai a hoto, kunya ta ishe ni. Ki rubuto mini ko layi biyu ne, in ga rubutun nan naki mai kwanciya gefe guda.

'Yarki,
'Yar Tambaya

&nbsp;

9 ga Afrilu

'Yar Tambaya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta zo, na sa tabarau na karanta, na cire na goge na sake karantawa. Ashe kina raye. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, in za a yi ruwa ita ke fara sani. Kunne kuwa ki bar shi, abin da nake son ji ina ji. Mura kuma ki daina yawo ba ɗankwali, tun kina ƙarama haka kike.

Kin ba ni dariya da zancen firij. Ku da kuke da na'urar da ke juya jini, ashe madararku a kwalba kuke saya, ba mai iya tatawa a cikinku. Na tabbata ruwa-ruwa ce, kuma ba a cire ɓawo ba. Da kin aiko sun zo na koya musu, kwana uku ya ishe su.

Ɗakin yana nan. Shuɗin bahon ya fashe shekara biyu da suka wuce, na kasa yar da shi, yanzu albasa nake zubawa ciki. Injin ma yana nan, sai dai tun rasuwar Babanku ba wanda ya iya ɗaure masa bel yadda yake so. Mai gyaran da ke zuwa yanzu shiru-shiru ne, ba ya masa faɗa, shi ya sa injin ya raina shi. Ƙusar da kike rataya jakar makarantarki ma tana nan a bango. Sau biyu masu fenti suna son cire ta ina hanawa, suka ce ta mece ce, na ce ta mutum ce.

Kin tuna ranar da kika ce sai kin gano dalilin da kumfa ke tasowa, kika cusa kai cikin tukunya har tururi ya ƙone miki gira? Mako uku kina zuwa makaranta da gira ɗaya. Babanku ya ce wannan yarinyar ko ta zama likita ko ta ƙone mana gida. Bai ga ko ɗaya ba, Allah ya yi masa rahama.

Ƙaninki lafiya lau, yana nan yana hawa falwaya yana gyaran wuta, zuciyata kullum a hannu. Gemun ya fito har ya yi yawa. Ban isar masa da saƙonki ba. Matarsa tana shagon ɗinkinta, hannunta yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Watan gobe aurensu ke cika shekara huɗu. Har yanzu shiru. Ko ɓari ba a taɓa yi ba. Na kai ta asibiti uku da ƙafata, kowanne ya ce ba su ga komai ba. Na bar wa Allah.

Af, kafin in manta. Wannan abu naku mai dogon suna, da kika ce yana zuwa ya zauna a mazaunin na mata. In namiji ne ya sha fa? Ina nufin in tun yana jariri aka fara ba shi, kullum, shekara da shekaru. Yana taruwa ne a jiki? In ya zauna, yana tashi? Wata ce ta tambaye ni, cikin masu sayen madara, na ce ina da 'ya a wurin zan tambayo mata. Ki ba ni amsa da wuri don tana jira.

Ki ci abinci. A hoton da na gani na ƙarshe wuyanki duk ya fito.

Innarki

&nbsp;

21 ga Yuni

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta riƙe ki. Ni jikina da sauƙi, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Yau mako goma da na aika miki wasiƙa. Mai kawo wasiƙu har ya gane ni, tun daga nesa yake girgiza mini kai don kada in wahala in taso. Da farko na ce aiki ne ya yi miki yawa. Daga baya na tuna halinki. Ke ba a taɓa yi miki tambaya kin yi shiru ba, ko ba ki sani ba sai kin ƙirƙiro. Sau ɗaya na taɓa ganin bakinki ya mutu, ranar da likita ya kira ki gefe ya gaya miki ciwon Babanku, kika dawo kika zauna kina gyara masa matashi. To na fahimta. Kin san amsar, kina jin nauyin faɗa mini ne.

Babu wata mai sayen madara, kin riga kin gane. Ni ce.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, don kafin ki zo gidanmu aka yi shi. Ƙaninki yana da wata bakwai na kwanta zazzaɓi mai tsanani, na yi kwana ashirin a asibiti. Da na fito nono ya ƙafe ƙaf. Aka gwada masa madarar gwangwani, cikinsa ya ƙi ta, duk abin da ya sha sai ya dawo. Ya rame har ina jin tsoron ɗaukarsa. Wata safiya na tsaya kan tukunya yana bayana, kukan ma ba ya iya yi, sai na ɗebi ta farko na tace sau uku, na fifita ta huce, na ba shi da ƙaramin cokali. Ya haɗiye. Na jira ya dawo da ita, bai dawo ba. Na ƙara masa. Ranar na yi kuka har Babanku ya kashe inji ya zo ya zauna kusa da ni a ƙasa. Tun daga lokacin duk wanda ya yaba ƙibar yaron sai in ce aikin hannuna ne. Shekara ashirin da takwas ina alfahari da wannan cokalin.

Yanzu ga shi kin ce abin da ke ciki na mata ne, kin ce da kin gwada jininsa da na'urarku ta ƙone. Na san da wasa kika faɗa. Amma ke mai ilimin abin ce, wasanki ba irin na kowa ba ne. Na ɗauki layin nan na juya shi ta kowane gefe, duk inda na juya wuri ɗaya yake kai ni. Asibiti uku sun ce yarinyar nan lafiyarta lau. To saura wa? Kuma wa ya ba shi?

Na kashe inji tun farkon watan jiya. Na ce wa mutane gwiwa ce. Matan da ke zuwa da kwalabensu da safe sun yi ta zarya har sun gaji. Akwai mai 'yan biyu maza da take saya musu kullum, ita ce ta sa na kasa ci gaba, don na ga abin da na ba ɗana nake miƙa mata. Na wanke ƙyallen tata na ninke na sa a akwati. Gidan ya yi shiru, har ni da ba na ji sosai shirun ya dame ni. Da safe nakan shiga ɗakin in zauna a kan bencin nan, ƙamshin bai gama fita daga bango ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki gaya mini gaskiya yadda take, kada ki shafa mata mai. Ni na hana ɗana haihuwa ko ba ni ba? Kuma kada ki kira shi, kada ya ji daga bakin kowa. In akwai abin faɗa, ni zan faɗa masa.

Innarki

&nbsp;

14 ga Yuli

Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwar a taƙaice yau, ki yafe mini. Lafiyata lau, kuma ba ke ba ce. Na sa shi a layin farko don kada ki jira ƙarshen takarda. Ba ke ba ce, Inna.

Shirun da kika ji ba amsa ba ne, sakarcina ne. Mai gidan da nake haya ya tashe mu a ƙarshen Maris zai yi gyara, na koma wata unguwa, na manta ban aiko miki da sabon adireshi ba. Jiya na bi ta tsohon gidan neman wata tukunyata, matar da ke ƙasa ta miƙo mini wasiƙunki biyu da roba a ɗaure. A kan matakala na karanta su. Ta farko ta sa ni dariya har na zo ƙarshenta, ta biyu kuwa ta kashe mini dariyar gaba ɗaya. Sau uku na ɗauki waya zan kira Ɗan Kofi ya ruga ya gaya miki, sai in tuna kin hana.

Kin ce kada in shafa mai, to ga shi dalla-dalla.

Kin tambaya ko yana taruwa a jiki. Ba ya taruwa. Wannan da idona nake gani kullum. In mutum ya sha kofi da safe, abin yakan hau a jininsa ya kai ƙarshen hawansa wajen azahar, daga nan ya fara sauka yana fita ta fitsari. Washegari saura kaɗan, jibi da ƙyar na'urar ke ganinsa. Shi ya sa muke hana mutanenmu soya kwana uku kacal kafin gwaji, don kwana uku sun isa jini ya koma kamar ba a taɓa sha ba. Abin da kika ba shi da cokali ya bar jikinsa tun kafin ki wanke zanen goyon.

Kin tambaya in ya zauna ko yana tashi. Ni ce na yi miki mummunan bayani. Kama yake da na mata, amma ba shi ba ne, kuma ƙarfinsa bai kai ko kusa ba. Kamar baƙon da ya zauna a kujerar Baba ne: ya zauna ɗin, amma ba zai iya ɗaure bel ba, an jima kuma zai tashi. An gwada maza masu yawa a wurare daban-daban, aka ba su soya watanni, aka auna sinadarinsu na maza, ba a ga ya ragu ba. Akwai ƙasashen da tun kakanni soya ce abincinsu safe da yamma, kuma suna nan cike da 'ya'ya.

Jarirai kuwa, ba zan ɓoye miki ba, wanda ake shayarwa da soya zalla jininsa yakan ɗauki abin da yawa a lokacin, ya fi na babba nesa. Shi ya sa masana suka sa ido, har aka bi irin waɗannan yaran sai da suka girma aka duba. Ba a samu cewa sun kasa haihuwa ba. Bincike bai ƙare ba, in ya ƙare ni ma aikina ya ƙare. Amma in kin ce in sa hannu a kan abin da aka sani yau, zan sa: cokalinki rayar da shi ya yi.

Dalilan da ke hana namiji haihuwa suna da yawa, wasu ma ana maganinsu. Shi ma ya kamata ya je a duba shi, ba matarsa kaɗai ba. Wannan gwajin ba ya ɗaukar ko rabin yini.

Zancen gemu da na'ura kuwa, da zan iya shiga akwatin gidan waya in cire shi da na yi. Kewa ce ta sa ni surutu. Ina zaune a ɗaki mai sanyi cikin farar riga, ba wanda ya san ni da gira ɗaya, sai na ji ina son in tsokani wani nawa kamar dā. Ban tsaya na tuna wadda za ta karanta uwa ce ba. Shekara shida kina cewa bakina zai ja mini, ashe ke zai ja wa.

Ki fito da ƙyallen nan daga akwati. Mai 'yan biyu tana jira, ita kam da gaske. Sabon adireshina yana bayan takardar, na rubuta shi sau biyu.

'Yarki mai neman gafara

&nbsp;

10 ga Agusta

'Yar Tambaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, abinci ya fara shiga. Na yafe miki, ki daina rubuta neman gafara kamar wadda ta kashe mutum. Wasiƙarki ta zo ranar Laraba. Ta makara da kwana huɗu, kuma na gode wa Allah da ta makara.

Ranar Asabar ɗin kafin ta zo haƙurina ya ƙare. Na shirya bayan la'asar na tafi gidan ƙaninki. Na same shi yana wanke babur a tsakar gida, matarsa tana yanka alayyafo. Suka shimfiɗa mini, aka kawo ruwa, ban sha ba. Na ce su zauna dukansu. Na gaya musu komai, tun daga zazzaɓin har wasiƙarki. Na ce: "Ni na yi maka wannan da hannuna, ban sani ba. Ka yafe mini. Ke ma ki daina zuwa asibiti, ba ke ba ce."

Na zaci zai yi fushi ko ya yi dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ruwan sabulu yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Sai ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da wata ambulan da ta sha ninki, ya ajiye a gabana. Ya ce: "Umma, ba madararki ba ce. Hangum ne."

Ba ki nan lokacin, kin riga kin tafi. Yana shekara goma sha tara, a makarantar koyon aikin wuta, hangum ya kama shi. Na je dubiya na same shi kumatu kamar an hura, har na yi masa dariya na ce ciwon yara ya kama ƙato. Ashe kumburin bai tsaya a kumatu ba, ya sauka ƙasa, kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Shekara biyu da suka wuce ya je asibiti da kansa aka auna shi. Likita ya ce ciwon ya yi ɓarna, abin da ya rage kaɗan ne, amma ba a cire rai ba, akwai abin da za a gwada. Ya dawo ya gaya wa matarsa, ya roƙe ta kada in ji. Wai ba zai iya kallon idona ba.

Shekara biyu, 'yata. Asibiti na uku da na kai ta, ta riga ta sani. Ta sa mayafinta ta bi ni, ta hau gadon nan aka duba ta, ta sauko ta ce mini sannu da ɗawainiya. Duk wani ganye da aka ce mini yana da kyau na dafa na aika, ta shanye ta dawo mini da kwano a wanke. Duk jaririn da aka haifa a dangi sai na ɗauka na ɗora mata a cinya a gaban mutane in ce Allah ya kawo naki. Ni a ganina addu'a nake yi.

Da wasiƙarki ta zo na karanta ta sau uku. Ta sauke mini dutse, ba zan yi ƙarya ba. Wurin da kika ce cokalina rayar da shi ya yi, na sa yatsa a kai na daɗe. Wata huɗu ina tambayar ko na cuci ɗana, ga amsa ta zo daga bakinsa da naki, ban cuce shi ba. Sai dai da na ninke takardar na ga akwai tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba, ita kuma ba ta buƙatar a ɗebi jinin kowa.

Washegari da hantsi na tafi shagon matarsa. Ban taɓa shiga ba, kullum daga bakin ƙofa nake tsayawa in ba da saƙo. Ɗan ƙaramin wuri ne, keke biyu da teburin yanka, ƙyallaye ko'ina. Ta miƙe da sauri za ta ba ni kujerarta, na ce ta zauna. Na kwashe wasu yadudduka na zauna a kan benci. Na ce mata: "Na zo ne ki yafe mini. Me ya sa ba ki taɓa cewa komai ba?"

Ta ce: "Umma, amana ya ba ni. Kuma in na faɗa, shi za a koma kallo yadda ake kallona. Ni na riga na saba."

Na ce to ai ni ma ranar Asabar na zo na ƙara muku wani tashin hankalin a kan shirme.

Ta kashe keken. Ta matso kusa da kunnena mai ji, don ta san wanne ne, ni kuwa ban san ko abincin da take so ba. Ta ce: "Ba shirme ba ne. Shekara huɗu ke nan, ranar ce rana ta farko da wani a gidanku ya yi tunanin wataƙila ba ni ba ce."

Na zauna a wurin har azahar ina tsinke mata zare a bakin riguna, tana ɗinki.

Ranar Litinin za su koma wurin likita su biyu. Na tambaya ko in raka su, ya kalle ta, ita ta ce in zo. Ki sa su a addu'a. In kin tashi rubuto amsa, ki sa mata tata takardar daban a ciki, da gaisuwarta ita kaɗai.

Innarki